Gargaɗi ga masu keke a Jos: ƙarfen "hana kifewa" da ake talla rodi ne aka shafa wa fenti

'Yan uwa masu keke napep da direbobi na Jos da Bukuru, a yi hattara da wasu mutane da ke zagaya tashoshi, suna kuma bin zaurukan WhatsApp da Facebook, suna tallar wani ƙarfe da suke kira sitabilaiza. Cewa suke yi in aka ɗaura shi a ƙarƙashin keke, ko da wane gudu ka shiga kwana ba zai kife ba. Wasunsu na cewa daga Indiya kamfani ya aiko da shi. Masu ƙarfin halin cikinsu har cewa suke hukuma ta kusa wajabta shi, wanda bai saka ba za a kama masa keke. In akwai doka irin wannan, daga hukuma da shugabannin ƙungiya za ku ji, ba daga bakin mai neman ciniki ba.

Masu tallar nan kashi biyu ne. Na waya nasu mai sauƙi ne: hoton da aka ɗauko a intanet, a ce saura guda biyar, ka turo kafin alƙalami a ajiye maka. Sunan da ke kan asusun ba zai zo daidai da na mai maganar ba, zai ce na ƙaninsa ne ko na yaron shago. Da alat ya shiga, waya ta mutu. Waɗannan kuɗi kawai suke ci. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu zuwa da kayan a hannu, da mai waldarsu, su ɗaura maka nan take.

Shi ƙarfen na gaskiya akwai shi, a motoci. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin Golf ko Vectra ya gan shi. Sanda ce ta ƙarfen sifirin da aka lanƙwasa bakunanta biyu. Tsakiyarta na riƙe a jikin shasi da bushin na roba guda biyu, kowane baki kuma an haɗa shi da hannun taya ta wani guntun ƙarfe mai gaɓa. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, juyawa kawai sandar take yi a cikin bushin. In mota ta karkata a kwana, gefe ɗaya ya danne ɗaya ya ɗaga, sai sandar ta murɗe, ta yi turjiya, ta rage karkatar. Da an fita daga kwana ta koma yadda take. Wannan komawar ita ce aikin, kuma ita ce rodin gini ba ya iyawa: in ya murɗe ya wuce ƙima, a murɗen zai zauna.

Amma ko na gaskiyar ne ba ya hana keke kifewa, kuma a nan ne ƙaryar ta fi girma. Keke kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: taya ɗaya a gaba, biyu a baya. Muddin nauyi na faɗa a cikin kusurwa ukun nan, yana tsaye. Da ya tsallake layin da ya tashi daga tayar gaba zuwa tayar baya ta waje, ya tafi. Abin da ke yanke wannan hukunci shi ne tazarar da ke tsakanin tayoyin baya, da tsayin inda nauyin yake, da kusancinsa da gaba. Bajaj RE faɗinsa duka kusan mita 1.3 ne, tsayinsa kusan 1.7, a kan ƙananan tayoyi masu lamba 4.00-8. Sandar ba ta faɗaɗa shi, ba ta kuma sauko da nauyinsa ƙasa. A mota, injiniya na amfani da ita ya raba aikin tare karkata tsakanin gaba da baya. A keke ba abin rabawa, don tayar gaba guda ɗaya ba ta tare karkata ko kaɗan, dama can duk aikin a kan tayoyin baya yake.

Sai gudu. Ƙarfin da ke tura keke waje a kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkawa yake. Kwanar da ka saba shiga da 20, in ka shige ta da 30 turin ya fi ninki biyu, da 40 kuwa ninki huɗu ne. In ka taka birki a tsakiyar kwanar, nauyi ya zube gaba inda kusurwar ta tsuke. In kuma ka ɗora fasinja a gefenka, ko ka jibga buhunan dankali sama-sama daga Farin Gada, ka gama taimaka wa kifewa. Garin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gangara da kwana a haɗe suke zuwa. Direban da aka gaya wa cewa kekensa ba ya faɗuwa zai ƙara wuta a daidai inda ya kamata ya rage, ga shi kuma an ɗauke masa karkatar bodi, wadda ita ce ke fara gaya masa ya kusa iyaka.

Yadda suke gwada wa mutum ma wayo ne. Kafin ɗaurawa za su kama rufin keken yana tsaye su girgiza, ya yi lilo. Bayan ɗaurawa su sake girgizawa, ya ƙame. Mutane su ce kai, lallai! To ko ƙarfen gado aka yi wa walda a wurin haka zai ƙame. Ƙamewa a tsaye ba ta nuna komai game da kwana.

Ka karɓi sandar ka duba da kanka kafin a taɓa maka keke. Bi ta da yatsa a hankali: in rodi ne da aka gurje wa zane da injin gurza ƙarfe, za ka ji saura-sauran tudun a ƙarƙashin baƙin fentin, layi-layi. Kankare fentin wajen lanƙwasa, za ka ga ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi ko ɓawo, alamar da wutar gas aka lanƙwasa shi. Goga magagari a bakinsa: rodi yana ciwuwa nan da nan, ƙarfen sifirin yana turjiya. Kwantar da ita a kan siminti, sau da yawa baki ɗaya zai taɓa ƙasa ɗayan yana sama, ko ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sannan ka nemi lambar kayan. Duk abin da kamfani ya ƙera yana da lamba a kundin kayan gyaransa, dillalin Bajaj ko TVS zai iya duba maka. Kuma da kamfani ne ya yi shi don wannan keken, da ya bar masa ramukan noti. Kayan kamfani da sai an kira mai walda kafin ya zauna, ai maganar ta ƙare.

Wasu kuma sandar mota ce ta gaske suke samowa wajen 'yan gwangwan, su yanke ta su rage faɗinta. Wannan ma matsala ce. Wutar da aka sa aka sake lanƙwasa ta ta kashe mata ƙarfin sifirin a wurin, in kuma haɗa ta aka yi da walda a tsakiya, gefen waldar ne zai tsage. Ga tauri. An yi ta ne don motar da ta haura tan ɗaya, shi kuwa keke babu kowa a ciki bai kai rabin tan ba. Taurin sanda wajen murɗewa yana hawa da sauri ƙwarai in kauri ya ƙaru: mai milimita 16 ta fi mai 12 tauri sau uku da ɗoriya, in tsawonsu ɗaya. Rage mata tsawo kuma ƙara mata tauri ne.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Tayoyin baya na keke kowace da hannunta da sifirin ɗinta da shokozobarta, don in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ta zauna a ƙasa. In aka ɗaure su da ƙarfe mai tauri, sun zama abu guda. A lungunan Anguwan Rogo ko Rikkos da damina, inda ruwa ya zaizaye gefe ɗaya, taya ɗaya za ta rataye a iska, giyar da ke raba gudu tsakanin tayoyin ta tura mata duk juyin, ta yi ta wulwulawa keke na tsaye. A kan kwalta kuma kowane rami kai tsaye yake dukan shasi da bayan fasinja. Shasin keke falle ne marar kauri, gefen waldar yake fara tsagewa. Zafin walda yana ƙona bushin ɗin hannun taya. Bututun man birki a jikin hannun nan yake bi, in sandar na gogarsa wata rana za ka taka birki a gangara ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Masu gaggawar nan ba sa cire kan batir kafin walda, sai ka ji ana neman CDI, wato akwatin da ke ba filogi wuta, ko abin cajin batir bayan kwana biyu. Balle tartsatsi kusa da tankin mai. In kuma keken na biya sannu a hankali ne, mai shi na da hujjar riƙe ka da ɓarnar.

Mafi yawan keken da ke lilo ko jan gefe, ciwonsa a wani wuri yake. Fara da iska: a auna da geji, a bi abin da littafin keken ya ce, tayoyin baya biyu su zo daidai. Mai faci da ke buga taya da sifana ya ce ta yi, ba awo ya yi ba. Duba shokozoba ko tana zubar da mai. Danna kusurwar keken ka saki, in ya yi ta tsalle ta mutu, kuma biyun baya tare ake canzawa. A wuri mai daidai, auna daga ƙasa zuwa bodi hagu da dama, in akwai bambanci sifirin ɗaya ya kwanta. Ɗaga baya da jak, kama taya sama da ƙasa ka girgiza: motsi na nufin boris ko bushin. Ɗaga gaba ka juya kan keken, in yana ƙas-ƙas ko yana sarƙewa a tsakiya boris ɗin wuya ne. A daidaita birkin baya su riƙa kamawa tare. Kowane bakaniken keke da ya san aikinsa zai yi wannan a yini guda.

Wanda duk da haka yake son sandar, to sharuɗɗanta ba sa sassauci. Ƙarfen sifirin siriri, ba haɗi, ba ƙuna. A riƙe ta da bushin na roba a kan marikin da aka ɗaure da noti mai lamba 8.8, da faranti a baya don kada ya yage fallen. Bakunan su haɗu da hannun taya ta gaɓa mai roba, tsawonsu ɗaya. A ƙarasa ɗaure notin alhali keke na tsaye a ƙasa, ba a kan jak ba. A ɗaga kowace taya a sauke, a tabbatar ba ta taɓa shaf, salansa ko bututun birki. Sannan a ci gaba da shiga kwana da gudun da aka saba.

Wanda aka riga aka ɗaura wa na bogi, ya cire yau. A cire kan batir, a rufe wajen tanki, a yanke da injin gurza ƙarfe, kada a sake kawo wutar gas. A kankare fentin gefen waldar a haska da tocila a nemi tsaga siririya kamar gashi, musamman a hannun taya; hannun da ya tsage canza shi ake yi, ba a liƙe shi. A bi bututun birki da yatsa a ji ko ya goge. Wanda ya tura kuɗi kuma ya ajiye rasit ɗin tiransifa da hoton hirar, ya je bankinsa a ranar, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, ya kuma ba shugaban tasharsa lambar wayar da ta asusun a karanta wa sauran direbobi.