Kek marar ƙwai da madara a gidajen gahawa na Kaduna: wanne ya cancanci kuɗinki?

'Yata ta biyu ba ta shiri da madarar shanu da ƙwai, wato tana da abin da ake kira alaji. Ko ɗanɗanawa ta yi, kafin minti ashirin borin jini ya feso mata, leɓe ya kumbura. Shi ya sa na zama mai yawan tambaya a duk gidan gahawar da na shiga, daga Barnawa har titin Isa Kaita, har wata mai jiran shago ta taɓa tambayata ko daga hukumar NAFDAC aka turo ni.

Abin da muke nema shi ne wanda ake rubuta wa "vegan" a jikin gilashi, mu ce bigan. Kalmar wani Bature ne ɗan Ingila, Donald Watson, shi da abokansa suka ƙirƙiro ta a 1944, kuma ma'anarta babu komai na dabba a ciki: ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, har zuma ba ta shiga. Mu masu cin tsire ne, ba aƙidar muke bi ba, amma wannan rubutun shi ke rage mana wahala, idan mai shagon ya san abin da ya rubuta.

Zan fara da wanda nake so, ba ɓoye-ɓoye: kek ɗin ayaba mai citta, a ƙaramin gidan gahawa wanda obin ɗinsa ke bayan kanta. Dalilina shi ne wannan kek ɗin ba ya kewar ƙwai. Ayaba ɗaya da ta nuna sosai, wadda bawonta ya yi ɗige-ɗige baƙi, tana riƙe kwaɓi kusan yadda ƙwai ɗaya zai riƙe, ga zaƙinta da ke sa a rage sukari. Man gyaɗa ya maye gurbin bota, bekin foda da ɗan ruwan lemun tsami su tayar da shi. Mai gashi ba ta da wani dalilin yin coge, domin abin da za ta ɓoye ma ya fi ayabar tsada. Kuma kek ɗin mai ya fi na bota jure sanyi: bota tana daskarewa a firji, mai kuwa ba ya daskarewa kamarta, don haka ko ya kwana biyu, ko a tsakiyar hunturu lokacin da burodi ke zama katako kafin la'asar, za ki same shi da laushi.

Ga yadda nake gane mai kyau. In an yanka, cikinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan duhu, da siraran zare baƙaƙe na ayaba. Ki danna da bayan cokali, ya lotsa ya dawo. Idan cikinsa rawaya ne fes kamar kek ɗin biki, to ki tsaya ki yi tambaya. Idan kuma ƙasansa ya yi danƙo kamar alewar madi, an cika ayaba ko an cire shi bai gasu ba. Cittar kuwa a ji ta a maƙogwaro bayan an haɗiye. Muna jihar da ta fi kowace noman citta a Najeriya, Kachiya da Jaba da Kagarko na nan kudu da mu, bai kamata a ba mu kek mai ƙamshin turaren kwalba ba. Na dai yi musu uzuri bayan cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023, lokacin da farashinta ya yi tashin gwauron zabi.

Gireba ce ta biyu a wurina, in dai ta gargajiya ce: fulawa, sukari, mai, sai gashi. Da baƙar gahawa ba ta da na biyu, tana narkewa a baki. Matsalarta 'yan zamani sun fara zuba mata madarar gari wai don garɗi.

Sauran ba sai na ɓata miki lokaci ba. Kek ɗin cakulan mai danƙo yakan yi daɗi, amma cakulan ɗin kansa sau da yawa da man madara a ciki, ko da baƙi ne. Kukis ɗin bigan na cikin gilashi galibi ƙasa-ƙasa suke kamar an gasa garin kwaki. Donot kuwa na cire shi daga lissafi. Biskit ɗin kanti na leda yana da amfani ɗaya, an rubuta abin da ke ciki, amma ba don shi mutum zai saka mayafi ya fita shan gahawa ba.

Yanzu ga inda na ƙone, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Bara, a wani gidan gahawa mai kyawun kujeru, na ga kek an kafa masa 'yar takarda bigan. Na ce da yarinyar, "Ƙanwata, kin tabbata babu madara?" Ta ce, "Wallahi Hajiya ko ɗigo, da bota kawai aka yi." Na saki jiki don na ɗauka botar mai ce zalla. Ba mu kai Kawo ba yarinyata ta fara susa, muka kwana a asibiti. Ba ƙarya ta yi mini ba, ita a saninta madara ita ce ta gwangwani. Abin da muke kira bota a kasuwa yawanci man ganye ne da aka daskarar, amma da dama daga cikinsu ana haɗa su da garin madara ko ruwan da ake tsamewa wajen yin cuku. Ki karɓi robar ki karanta da idonki. In kin ga an rubuta whey, casein ko milk solids, madara ce da wani suna.

Sai shafen ƙwai. Duk burodi ko fanke na obin da kika ga samansa yana ƙyalli kamar an shafa masa man kitso, akwai yiwuwar ƙwai aka kaɗa aka goga masa kafin gashi. Kwaɓin ba ƙwai, saman da ƙwai, kuma mai sayarwa ba za ta tuna ba. Sai zuma da ake yaryaɗawa a sama don ado: mai alajin madara ba ruwansa da ita, amma baƙon da ke bin tsarin bigan da gaske ba zai ci ba. Sai wuƙa da faranti: wuƙar da ta yanka kek mai kirim ita za a ɗauko a yanka miki naki.

Gahawar ma ba ta tsira ba. Farin garin da ake zuba wa gahawa a ce ba madara ba ce, da wanda ke cikin 'yar ledar nan mai haɗin uku, yawanci akwai sinadarin furotin na madara a ciki. Mai kumburin ciki in ya sha nono zai iya sha lafiya, mai alaji kuwa ba zai sha ba, cuta biyu ce daban. Haka ƙarfen da ke hura tururi a madara ta yi kumfa: in ba a goge shi an sauya jug ba, madarar waken suyar da kika biya ƙarin kuɗi a kanta ta riga ta gauraya da ta shanu. Ita madarar waken suya tana da wani hali, in gahawa ta cika zafi da tsami sai ta tsinke, kamar yadda ake tsinka ta a yi awara. Ba lalacewa ta yi ba, a bari gahawar ta ɗan huce kafin a zuba. Madarar hatsin ot ta kwali ta fi kumfa, sai dai tsada. Ni baƙa nake sha, in an yi sa'a ta tsaunin Mambila ce ta Taraba, sai in ƙara kofi.

Masu gashi a gida da ke talla a Instagram da WhatsApp, a cikinsu akwai na kirki, amma hoto ba ya nuna bota. Ki tambayi da wane mai ta yi, ki ce ta turo hoton robar. Wadda ta ji haushin tambayar, ki bar ta da kayanta.

Shi ya sa nake komawa ƙaramin shagon nan mai obin a baya. Ranar farko da na faɗi matsalar 'yata, mai wurin ta fito da fulawa a hannunta ta ce, "Maman Ummi, shigo ki gani da kanki." Ta nuna mini galan ɗin man gyaɗa, da tiren da ta ware, da wata wuƙa mai jan ƙyalle ɗaure a ƙotarta wadda ba ta taɓa kirim. Sauran kek ɗinta duk da ƙwai take yi, ta kuma faɗa mini haka kai tsaye. Ranar Asabar na ayabar ke fitowa wajen ƙarfe sha ɗaya, in kika kai la'asar sai dai ki tarar da tire.