MRI ko PET-CT ga ƙarin da eko ya gani a zuciya?

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Tunda eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) ya nuna ƙari a ɓangaren dama da ruwa kewaye da zuciyar, likita kuma yana zargin limfoma (wani nau'in ciwon daji na ƙwayoyin garkuwar jiki), ku fara da MRI na zuciya, wato hoton da injin maganaɗisu ke ɗauka.

Shi ne ke raba ƙari da gudan jini, abin da eko kan kasa. Limfoma tana da halinta: ta fi kama ɗakin zuciya na sama na dama, ta kutsa cikin bango, ta naɗe jijiyar jini ta dama mai ciyar da zuciya amma ba ta cika toshe ta ba. MRI na fito da wannan ƙarara, har likita ya ga inda zai ɗebi nama. Aikin minti 45 ne zuwa awa guda. Za a manna wayoyin ECG masu bin bugun zuciya a ƙirji, a riƙa cewa ta riƙe numfashi daƙiƙa 10 zuwa 15. Nan ake samun cikas, don mai haki ko wadda bugun zuciyarta ya rikice, hotonta dishi-dishi yake fita. In ruwan ya hana ta kwanciya rigingine, a fara zuƙe shi, a kai ɗakin gwaji, kada a zubar. A auna ƙoda kafin allurar gadoliniyom, ruwan da ke sa hoton ya fito sosai. In eGFR, ma'aunin aikin ƙoda, ya yi ƙasa da 30, sai an sake shawara. Idan an dasa mata na'urar daidaita bugu, ku faɗa tun a bakin ƙofa.

PET-CT kuwa, hoton da ake ɗauka bayan allurar wani sukari mai sa ciwo ya haska, na gaba ne, don ganin inda ciwon ya yaɗu da ko magani na ci. Ga tsada, ga wahalar shiri: tsokar zuciya da kanta tana shan sukarin allurar, sai an yini ba tuwo ba shinkafa, a ɗora da azumin awa 12 ko fiye. Tarin fuka ma haskawa yake, alhali a wajenmu shi ya fi tara ruwa kewaye da zuciya.

Hattara da cibiyoyin da ke karɓar kuɗi da ƙaramin injin MRI. Ku tambaya: ƙarfin injin Tesla 1.5 ne? Akwai mai karanta hoton zuciya? Masu "kwamfutar duba jiki duka" da ake riƙe ƙarfe a hannu kuwa, damfara ce zalla.

Hoto ba ya yanke hukunci, sai an gwada nama. Kafin a ɗeba, kada wani mai kemis ya ba ta prednisolone ko dexamethasone: suna narkar da limfoma na ɗan lokaci, gwajin ya fito babu komai.