Wasiƙa zuwa ga Kawu daga tashar Omiya

Assalamu alaikum Kawu. Da fatan kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Kun ce in daina cika ku da labarin sanyi, in ba ku labarin jirgin ƙasa tunda ku tsohon ma'aikacin reluwe ne. To ga shi.

Tashar da nake bi kullum zuwa aiki sunanta Omiya, a lardin Saitama, arewa da Tokyo, a nan Japan. Mararraba ce, irin yadda Kafanchan take a zamaninku. An buɗe ta a 1885, daidai inda layin da ya taso daga Tokyo ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Utsunomiya, ɗaya Takasaki. Yanzu layin Keihin-Tohoku a nan yake ƙarewa, ga Saikyo, ga Kawagoe, ga na kamfanin Tobu, sannan a can sama ga Shinkansen, jirgin nan mai gudun tsiya. Da aka fara buɗe Shinkansen na Tohoku a 1982, daga nan ma yake tashi.

Abin da na san zai tsaya muku a rai shi ne faɗin dogon. Jiragen da muke shiga zuwa aiki suna kan ƙafa uku da inci shida, wato daidai da tsohon layinmu da ya isa Kano a 1911. Shinkansen ne yake kan mai faɗi irin na Abuja zuwa Kaduna. Ranar da na gane haka na daɗe tsaye ina kallon ƙarfen. Wanda muke cewa ya tsufa, shi ne a nan yake kwasar jama'a kowane 'yan mintoci.

Ba a sayen tikiti sai wanda ya ga dama. Kati ne mai suna Suica, ka zuba masa kuɗi, ka ɗora a bakin ƙofa ta bar ka ka wuce. Da shi nake sayen shayi a injin da ke bakin dandamali. Mai jan rubutu da zafinsa yake faɗowa, mai shuɗi da sanyi. Kuɗin zirga-zirgata ta wata kuwa wurin aiki ke biya, haka al'adar take ga yawancin ma'aikata. In jirgi ya yi latti, akwai 'yar takardar shaida da ake bayarwa ka kai wa maigidanka, don kada ya ce kai ne ka makara. Ku duba fa, Kawu, jirgi ne yake rubuta wa fasinja uzuri!

Da kun ga kwandastansu da kun yi murna. Farar safar hannu, ya nuna sigina da yatsa, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi, ya nuna agogo, sannan ya rufe ƙofa. Da farko na ɗauka burga ce. Ashe dabara ce ta hana kuskure.

Ni dai ba ta hana ni nawa ba. Jirgin Utsunomiya da na Takasaki fentinsu ɗaya, ratsin kore da ruwan lemo. Satina na farko na faɗa wanda na tarar a tsaye, ina jiran in ji an ce tashar Hasuda ta layin Utsunomiya, sai na ji Ageo ta layin Takasaki. Wani ma'aikaci dattijo ya zana mini hanya a bayan takarda, ya raka ni har gindin matakala yana ta rusunawa, kamar shi ya yi laifin. Tun daga ranar in zan haɗu da wani sai in ce mu gamu a Mame no Ki, wani dogon ƙarfe mai murɗe-murɗe a tsakiyar tashar da kowa ke jira a gindinsa.

Amma ba komai ne suka fi mu ba. Cikin tashar kasuwa ce guda, kek da shinkafa a akwati an jera kamar kayan lefe, sai dai babu tayi babu gyara, kuma sai na tsaya ina haska rubutun da waya don gudun naman alade. Yawanci a dunƙulen shinkafa mai kifi nake ƙarewa. Ina tuna masu rake da dafaffen ƙwai da ke miƙo mana ta taga a Zariya. Da safe kuma matsi ne har ba ka iya sosa hanci, ga shiru kamar gidan makoki, ba mai amsa waya, ba mai ce maka sannu. Akwai tarago na mata zalla a layin Saikyo lokacin cunkoson safe, wannan kam na yaba. In dare ya raba jirgi ya tsaya sai asuba; wanda na ƙarshe ya wuce shi, kuɗin tasi sai ya sa shi hawaye.

Akwai gidan tarihin jiragen ƙasa kusa da nan, na ɗauko muku hotunan tsoffin injinan gawayi, zan turo ta wayar Yaya. A gaya wa Inna kada ta sake ta haɗa mini kilishi, ba a shigo da nama ƙasar nan. Yaji da kuka dai a ƙaro.