Tsakanin Kotson Ɗanƙwairo da Kuntigin Ɗanmaraya

Ina yaro a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, ba na ƙaunar jin Baba ya kunna rediyonsa a gindin darbejiya bayan la'asar, domin a ganina Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos duk kiɗan tsofaffi ne. Sai da na girma kunnena ya buɗe, kuma ba ta ƙofa ɗaya suka shiga zuciyata ba.

Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, shi ya fara kama ni. Shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi, sai kuntigi mai tsirkiya ɗaya, yana magana a kan talaka da zaman aure da karen mota, cikin Hausar da kowa ke ganewa nan take.

Ɗanƙwairo kuwa ya ba ni wahala. Makaɗin fada ne na ƙasar Maradun, Hausarsa ta yamma ce, kuma kirarin sarakunan da yake jerowa ya fi ƙarfin wanda bai san tarihinsu ba. Ranar wata casa, wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, bar bin kalmomin tukuna, saurari yadda 'yan amshi ke karɓe baiti tun kafin ya sauke shi." Na kasa kunne, sai na ji muryoyin suna saƙuwa da kotso kamar zare a masaƙa, har tsigar jikina ta tashi.

Ɗanmaraya nake sawa idan ina hanyar kasuwa, amma Ɗanƙwairo, wanda ya rasu tun 1991, shi nake keɓe wa dare, lokacin da gida ya yi tsit.