Sake gashi a Turai ko a ƙasar Kano?

Ƙananan tsuntsayen da ke ƙetaro Bahar Rum da Sahara su iso Kano da kaka, dole ne su sake gashin fuka-fukinsu duk shekara, domin rana da iska suna cinye shi. Sai dai ba wuri ɗaya suke yi ba.

Wasu a Turai suke gamawa, da zarar 'ya'yansu sun tashi. Ɗan tsuntsun nan mai rawayen ciki da ke bin shanu yana kaɗa wutsiya a lambunan gefen Jakara, da sabbin fuka-fuki yake zuwa. Ribar a fili take: da sabon gashi zai ratsa hamada. Amma cikin gaggawa ake yi, sanyi na tafe.

Wasu kuwa da tsohon gashin suke tahowa, duk ya sha jiki. Tsuntsayen cikin kaca-kala, wato masu zama a ciyawar bakin ruwa, kan sauka nan wajen Oktoba, lokacin da damina ta ɗauke amma ƙwari ba su ƙare ba. Su zubar, su tsiro da sabo, kafin hunturu ya busar da ƙasa su ƙara gaba kudu. Tsattsewar Turai ma a Afirka take yi, ita kam a hankali, wata da watanni, tunda a sama take kamun abinci, ba ta iya rasa gashi da yawa lokaci guda.

Ni dai dabara ta biyun, ta sake gashi a nan, ta fi burge ni, ko da yake caca ce: shekarar da damina ta yi gardama, ƙwarin da suka dogara da su sai su yi ƙaranci.