Karkataccen wuyan jariri: gashi ko tiyata?

Wasu jarirai ana haifarsu da tsokar wuya ɗaya, wadda ta taso daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji, ta gajarce. Kai sai ya karkata gefe guda, haɓa ta juya ɗaya gefen. Wani lokaci uwa kan ji ɗan ƙululu a wuyan, makonni 2 zuwa 4 bayan haihuwa.

Ni dai gashin asibiti, wato miƙar da tsoka da motsa ta, nake fifitawa, muddin an fara da wuri. Likitan gashi zai koya wa uwa miƙar da wuyan a hankali kullum, da shayarwa ta ɓangaren da yaron ke gudu, da kifa shi a kan ciki yana farke. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna warkewa haka. Kada a kai shi wurin mai ɗori a murɗe, don Allah.

Tiyata ta yaron da ya wuce shekara 1 ce, wuyan ya ƙi sakuwa. Ana yanka tsokar a ƙarshenta na ƙasa, ko na ƙasa da na sama, sannan a sa abin tallafe wuya, a koma gashin dai. In aka yi jinkiri sosai, fuskar da ta riga ta karkace ba lallai ta daidaita ba.