Manhajar just ta raba ni da neman inda na ajiye sikirif

Lissafin wani dillalin albasa nake riƙewa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma ƙananan sikirif (gajerun umarnin kwamfuta) ɗin da na rubuta don aikin sun yi yawa har sun watsu. Na Python mai haɗa kuɗin motocin da suka sauke kaya yana wata folda, na bashin 'yan sari yana wata, mai kwafe bayanai zuwa filashi kuma yana can ƙasa. Manhajar da ake kira just ce ta tattara min su wuri guda.

Casey Rodarmor ne ya rubuta ta da harshen Rust, kuma kyauta ce. Za ka buɗe fayil mai suna justfile a babbar foldar aikinka, ka rubuta sunan aiki, ka sa ruwa biyu, a ƙasansa ka rubuta umarnin da ke kiran sikirif ɗin. Daga nan, in sunan aikin rahoto ne, sai ka buga "just rahoto" kawai.

Abin da ya fi kwanta min shi ne yadda take neman fayil ɗin da kanta. Ko kana can cikin foldar rasit, za ta duba inda kake tsaye, in ba ta ga justfile ba ta hau foldar sama, ta sake hawa har ta same shi. Sannan daga wurin da fayil ɗin yake take gudanar da umarnin, ba daga inda ka kira ta ba, don haka hanyoyin da ka rubuta zuwa sikirif ba sa ɓata. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Ƙanena da ke taimaka min ya fi ni amfana. A da ina cikin cunkoson hanya daga Agege zai kira ni, "Yaya, wanne ne na bashi?" Yanzu "just --list" yake bugawa, sunayen ayyukan su jeru, kowanne da bayanin da na rubuta a samansa da Hausa. Kalmar sirri kuma ba ta shiga justfile. Tana wani fayil daban mai suna .env, layin "set dotenv-load" ne ke ɗauko ta.

Masu amfani da tsohuwar manhajar Make za su ce ai tun 1976 Stuart Feldman ya samar da irin wannan a Bell Labs. Gaskiya ne, kuma just ta ɗauki salonta daga can. Sai dai an yi Make ne don gina manhaja: in akwai fayil mai suna ɗaya da aikinka, tana iya cewa babu abin yi sai ka ƙara .PHONY. Just ba ruwanta da wannan.

Tana da nata sharuɗɗa. Kowane layi a sabon zama yake gudana, wato in ka shiga folda da cd a layin farko, layi na biyu bai san da zancen ba, sai ka haɗa su da && ko ka fara aikin da layin #!. A Windows kuma sh take nema, wato manhajar da ke gudanar da umarnin, don haka ko ka saka Git ko ka gaya mata ta yi amfani da PowerShell.

Wanda aikinsa duka JavaScript ne, package.json da "npm run" sun ishe shi. Mai cakuɗa Python da bash irina, musamman in wani zai zauna a kwamfutar ba ka nan, ya saka just.